Titin Zoben Badun: Shekara Ashirin Ana Jiran Hanya Guda

Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu daga Illela ko albasa daga Aliero ya nufi Legas, ya san cewa tsallake gadar Jebba ba shi ne ƙarshen wahala ba. Akwai Badun a gaba. Da ka baro Oyo ka iso Moniya, ka gangaro Ojoo, sai ka fara addu'ar Allah Ya sa Iwo Road a buɗe take. Ranar da aka yi rashin sa'a tirela ɗaya ta lalace a kan gada, to sai dai haƙuri. Shanu na tsaye cikin rana ba ruwa, tumatur na narkewa a kwando, mai kaya na ta bugo waya daga Mile 12 yana tambayar ina aka kwana.

Maganin wannan cunkoso an daɗe da samo shi a takarda. Titi ne mai tsawon kilomita 110 da zai kewaye garin kamar zobe, yadda motar da ba ta da abin yi a cikin gari za ta bi ta baya ta wuce abinta. An fara maganarsa gadan-gadan tun 2005. Yaron da aka haifa a Sabo a shekarar yau ya isa aure, amma zoben bai haɗe ba. Ya kamata mu san yadda aka yi aka kai haka, domin abincin da yawa daga cikinmu a kan hanya yake, wasunmu kuma filayensu na kwance a inda titin zai ratsa.

Hanya ce ta kawo mu

Kakanninmu fatauci ya kawo su ƙasar Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Legas a 1901, bayan shekara goma kuma layin dogo ya kai Kano. Daga nan ciniki ya buɗe: shanu na gangarowa Kurmi, wasu a wagunu wasu a ƙasa, goro kuma na hawa Arewa huhu-huhu. A da sai an yi doguwar tafiya zuwa Gwanja kafin a samo goro, amma da Yarabawa suka rungumi nomansa a wajajen Shagamu da kewaye, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

A 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa tamu a gefen Mokola. A lokacin ma ba a fara kiran sarkin gari Olubadan ba, Baale ake ce masa. Sabo kuwa bayan gari ce sosai, nesa da Oja'ba inda tsohon gari yake. Masu gida su ne ƙashin bayan unguwa: su saukar da baƙo, su ajiye masa dukiya, su haɗa shi da dillali, su tsaya masa idan mahauci ya karɓi sa bashi. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna da iyayenmu a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan wannan tsari wanda ya fito a 1969. Mutanen unguwar a lokacin ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba.

Abin lura a nan shi ne, duk sanda hanya ta sauya, kasuwa ma sauyawa take. Da harkar jirgin ƙasa ta fara lalacewa, kaya suka koma kan roka da tirela, sai tashar jirgi ta Dugbe ta rage armashi, hada-hada ta fara komawa arewacin gari inda manyan motoci ke shigowa. Haka Sasa ta bunƙasa da kayan gwari. Haka aka buɗe kasuwar Bodija a 1987 aka kwaso masu kayan abinci daga cikin tsohon gari. Haka daga baya karar shanu ta koma Akinyele. Sabo da aka yanka a bayan gari, yau ga ta a tsakiyar birni, tirela ma ba ta da wurin juyawa.

Baifas ɗin da gari ya haɗiye

Matasa da yawa ba su san cewa babban titin Legas zuwa Badun, wanda aka buɗe a 1978 zamanin mulkin soja na Obasanjo, shi kansa baifas ne a ɓangaren da ya shafi garin nan. An zana shi ne ya bi ta gabashin gari, daga Toll Gate ya wuce Iwo Road ya ɓulle Ojoo, ba tare da ya shiga cikin jama'a ba. Dattawa za su gaya maka a lokacin daji ne hagu da dama.

To amma Badun gari ne da ke yaɗuwa a kwance kamar kabewa. Kowa so yake ya gina nasa gidan ko da ɗaki biyu ne. Titi na zuwa sai gidan mai ya biyo, sai masallaci da coci, sai tasha, sai masu talla, sai unguwa guda. Cikin shekara ashirin titin da aka yi don gudu ya zama titin cikin gari, fasinja na tsayar da mota a kan kwalta, mai kabu-kabu na juyawa inda ya ga dama. Tsohon Ring Road da ke wajen Challenge ma haka ta same shi, sunan ne kawai ya rage.

Gyaran shi wannan babban titi ma wani dogon labari ne. A 2009 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Bi-Courtney shi da sharaɗin ya gyara da kuɗinsa ya riƙa karɓar kuɗin hanya. Shekara uku ba a ga wani aiki ba, aka soke yarjejeniyar a 2012. A 2013 Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da sabon aiki, Julius Berger daga Legas zuwa Shagamu, RCC daga Shagamu zuwa Badun, aka ce shekara huɗu za a gama. Sai da aka haura shekara goma ana abu ɗaya. Mu riƙe wannan labari, domin irinsa ne sak ya maimaitu a kan titin zobe.

Daga Ladoja zuwa Ajimobi

Gwamnatin Sanata Rashidi Ladoja, wanda ya hau mulki a 2003, ita ce ta ɗauki maganar zoben da muhimmanci. A 2005 aka shata inda titin zai bi, gwamnati ta karɓi fili mita 75 ta kowane gefe, wato faɗin mita 150 ke nan. A lokacin yawancin wurin gonaki ne da ƙananan ƙauyuka. Da a ce an zuba katafila a wannan shekara, da diyyar da za a biya ba ta taka kara ta karya ba.

Siyasa ta hana. A watan Janairun 2006 'yan majalisa suka tsige Ladoja a rikicin da ya yi da Lamidi Adedibu. Kotu ta mayar da shi a watan Disamba, saura 'yan watanni wa'adinsa ya ƙare. Adebayo Alao-Akala ya yi mulki daga 2007 zuwa 2011, titin na nan a takarda. Abiola Ajimobi ya hau a 2011, ya gama zangon farko, ya shiga na biyu, sai a watan Yunin 2017 aka yi bikin fara aiki.

Shekara goma sha biyu ke nan tsakanin shata hanya da sara daji. A cikin waɗannan shekaru gari bai tsaya jiran kowa ba. Iyalan da suka gaji ƙasa suka ci gaba da yanka fuloti suna sayarwa, wasu cikin rashin sani, wasu da gangan. Ma'aikaci ya yi adashi ya sayi nasa, ɗan kasuwa ya sayi nasa, aka yi gini, aka tare, aka haifi 'ya'ya.

Aikin 2017 kamfanin ENL Consortium aka ba, kuma kashi na farko ne kawai, kilomita 32 daga titin Legas zuwa Badeku a kan hanyar Ife, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 70. Tsarin shi ne wanda aka gwada da Bi-Courtney: kamfani ya nemo kuɗi ya gina, ya karɓi kuɗin hanya na wasu shekaru ya fanshe, sannan ya miƙa wa gwamnati. A takarda abin gwanin sha'awa, tunda gwamnati ba za ta fitar da ko sisi ba. Matsalar ita ce banki ba ya ba da irin wannan bashi sai ya tabbatar motoci za su bi titin su biya. Kilomita 32 da ba ta haɗe da sauran zoben ba, wa zai lamunce cewa za ta mayar da biliyan 70? Ga shi ƙasar ba ta daɗe da shiga matsin tattalin arziki na 2016 ba. Aka share daji, aka ɗan yi cikon ƙasa, aiki ya yi sanyi.

Ga wani abin kwatance. A wannan shekara ta 2017 aka fara shimfiɗa sabon layin dogo daga Legas zuwa Badun, kilomita 157, kuma a watan Yunin 2021 Shugaba Buhari ya buɗe shi, jirgi na tsayawa a Moniya. Bambancin kuwa a fili yake: shi layin dogo an ciwo bashinsa daga bankin ƙasar Sin kafin a yi nisa, kuɗi na hannu. Titin zobe kuwa an yi bikin ne tukuna, sannan aka shiga neman kuɗi.

Zamanin Makinde

Seyi Makinde ya karɓi mulki a 2019. Da ya kai ziyara wurin aikin bai ji daɗin abin da ya gani ba, daga bisani gwamnatinsa ta raba gari da ENL. A 2021 aka sake wani bikin, aka ba wani rukunin kamfanoni mai suna SEL-Vydra dukan kilomita 110 a kan naira biliyan 138.2, shi ma da sharaɗin ya nemo kuɗinsa. A zamanin Makinde ne aka raɗa wa titin sunan Ladoja. Wanda ya yi lissafi zai ga abin mamaki: kwangilar farko ta haura biliyan biyu a kowace kilomita, ta biyun kuwa ba ta kai biliyan ɗaya da rabi ba, alhali kaya sun ƙara tsada a tsakani. Wannan yarjejeniya ma ba ta yi tsawon rai ba. A 2022 gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin kashi na farko da kanta, ta kawo kamfanin Craneburg.

Daga nan ne aka fara ganin aiki na gaske, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Gadoji sun tashi, an gina manyan mahaɗai a bakin titin Legas da kuma Badeku, kwalta ta kwanta a wurare masu yawa. Sai dai wa'adin gamawa an sha sanya shi ana ɗagawa, kuma akwai dalilai.

Na farko ƙasar ce kanta. Badun gari ne na tuddai da kwaruruka, ƙoramu sun ratsa ko'ina: Ona, Ogunpa, Ogbere, Kudeti, Omi. Duk inda titi ya haɗu da ruwa sai an yi gada ko babban kwalbati, kuma ba a yin ganganci da ruwan garin nan. Wanda ya ga ambaliyar Ogunpa ta 1980 ko ta watan Agustan 2011 ba sai an yi masa bayani ba. Damina kuma tana kai wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba. Jar ƙasa idan ta jiƙe ba ta dannuwa, kwalta kuma ba a zuba ta kan laima. Idan gwamnati ta makara wajen sakin kuɗi har rani ya wuce, an yi asarar shekara guda ke nan, cikon da aka bari a buɗe kuma ruwa ya zaizaye shi a sake sabon lale.

Na biyu faɗuwar naira. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Dalar da ake saya wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Buhun siminti ya ninka, rodi ya tashi, gas ɗin da katafila ke sha ya yi tsada, kwalta kuwa yawancinta daga waje ake shigo da ita. Duk kwangilar da aka rattaba wa hannu kafin wannan lokaci sai da aka koma teburi. Mu 'yan kasuwa mun san wannan ciwo, wanda ya ba da kaya bashi a 2022 aka biya shi a 2024 ya san abin da ya rage a hannunsa.

Rigimar mita 500

Dalili na uku shi ya fi zafi, domin gidajen mutane ya taɓa. Gwamnati ta ce tun zamanin Ajimobi aka faɗaɗa filin da aka karɓa zuwa mita 500 ta kowane gefe. Hujjarta ita ce kada abin da ya sami titin 1978 ya sake faruwa: a tsara gefen titin tun wuri, a ware wurin masana'antu da rukunin gidaje da kasuwanni, kuɗin filayen kuma ya taimaka wajen biyan aikin. Magana ce mai ma'ana. Amma a yi lissafi: faɗin kilomita guda a tsawon kilomita 110, hekta 11,000 ke nan, a ƙananan hukumomi shida, wato Akinyele, Lagelu, Egbeda, Ona Ara, Oluyole da Ido. Ba daji ba ne yanzu, akwai dubban gidaje a ciki.

Mutane suka wayi gari suka ga an shafa jan fenti a bangonsu. Aka yi rusau a wasu wurare. Mazauna suka ce su mita 150 suka sani, kuma sun kauce mata kafin su yi gini. A 2024 da 2025 an yi zanga-zanga, har da tare hanyoyi da zuwa Sakatariya a Agodi. Gwamna ya fito ya ce inda aka riga aka cika da gine-gine ba za a wuce mita 150 ba. Allah Ya sa a cika wannan alkawari.

Abin da ya sa talaka ke shan kashi a irin wannan rigima shi ne Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana, kuma tana ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da aka gina ce ko aka shuka a kai. Wanda kuwa ya sayi fili bayan gwamnati ta riga ta karɓe shi, a idon doka ya sayi abin da mai sayarwar ba shi da shi. Rasit ɗin iyalin masu ƙasa, ko da baale ya sa hannu, ba ya tsayawa a gaban takardar gwamnati.

Ina muka tsaya?

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Sabo ta cika ta batse, gida ɗaya magada ashirin, haya kuma ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Shekaru da dama ke nan jama'armu na fita suna sayen fuloti a wajajen Sasa, Moniya da Akinyele. Bayan rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya har gwamnonin Arewa suka zo jaje, masu kayan gwari da yawa sun ƙara matsawa arewa. Can ɗin kuwa nan ne zoben zai ratsa titin Oyo, nan tashar jirgi take, nan aka tsara tashar sauke kaya ta kan tudu, nan kuma titin Iseyin mai kilomita 65 da aka gama a 2021 ya faro. Dillalan fili sun san da haka, shi ya sa farashi ke hawa kullum, 'yan damfara kuma suka yi yawa. Baƙo shi ne saniyar tatsarsu, musamman wanda ba ya karanta Turanci ko Yarabanci, ga shi da kunyar tambaya.

Don haka, 'yan'uwa, kafin ka biya ko kwabo, ka ɗauki safiyo mai lasisi ya auna filin, a kai awon ofishin Babban Safiyo na jiha a Sakatariya a duba ko wurin na cikin filin da gwamnati ta karɓa.  Wanda ya riga ya gina a kusa da layin, ya tattara takardunsa, ya ɗauki hoton gininsa, ya shiga ƙungiyar masu gidaje ta unguwar tare da maƙwabtansa Yarabawa. Katafila ba ta tambayar ƙabila, kuma su sun fi mu sanin ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta, saura mu nemi ruwa.

Shugabanninmu ma akwai aiki a gabansu. Sarakunan Hausawa na Sabo da Sasa, da shugabannin ƙungiyoyin dillalan shanu, masu kayan abinci da direbobi, ya dace su zauna da gwamnati yanzu, tun ana rabon gefen titin, su nemi a ware garejin manyan motoci mai ruwa da makewayi da masallaci, da wurin sauke dabbobi, da rumfuna masu takarda da sunan masu su. Su kuma tambayi nawa tirela za ta biya idan aka kafa shingen karɓar kuɗi, domin duk abin da aka ɗora wa direba a kan kwandon tumatur zai ƙare. Tun ran gini tun ran zane. A 1916 wasu ne suka zaɓa mana wuri. Lokacin da aka tashi kasuwanni aka mayar da su Bodija da Akinyele, yawancinmu sai labari muka ji muka bi. A wannan karon taswirar na nan a fili, kowa na iya zuwa ya gani.

Mu kuma sani cewa ranar da zoben ya haɗe, motar da ke tsayawa a Ojoo direba ya ci tuwo, ya yi faci, ya sayi goro ya yi canji, ba lallai ta sake tsayawa ba. Mai shayi, bakanike, mai faci da mai abinci da ke cin albarkacin cunkoso, su fara tunanin inda za su koma tun yanzu.

Jinkirin aiki irin wannan ba a ƙasar Yarabawa kaɗai yake ba. Direbobinmu na wuce baifas ɗin gabashin Kaduna da aka ba da kwangilarsa tun 2002, su ma can jiran suke. Amma namu akwai wani abu a cikinsa. Mutumin da ya shata titin a 2005, aka tsige shi kafin ya sara ko itace ɗaya, shi ne aka naɗa Olubadan na 44 a Mapo ranar 26 ga Satumban 2025. Titin sunansa yake ɗauke da shi, masu kukan rusau talakawansa ne, mu ma baƙinsa ne da muka shekara ɗari da ɗoriya a ƙasarsa. Wa'adin Gwamna Makinde kuma zai ƙare a watan Mayun 2027, kuma mun ga yadda sauyin gwamnati ya sha mayar da aikin nan baya. Duk ɗan takarar da ya shigo Sabo neman ƙuri'a, a tambaye shi a gaban jama'a: zai ci gaba da titin daga inda aka tsaya, kuma mita nawa zai ɗauka?

Allah Ya kare direbobinmu a kan hanya, Ya mayar wa waɗanda aka rushe wa gidaje da mafi alheri, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.